Yadda Ake Saita Babban Burdon na Algaitar Salka ta Tsakiyar Faransa

Algaitar salka, wadda Faransawa ke kira cornemuse, algaita ce da aka ɗaura wa jakar fata. Abin da mai algaita yake yi da kumatunsa, ya tara iska a baki yana turawa yayin da yake shaƙar wata ta hanci, shi salkar ke yi a ƙarƙashin hammata. Da yake iskar ba ta yankewa, sai aka ƙara wasu bututai marasa ramukan yatsa, kowanne yana riƙe da murya ɗaya tak daga farkon waƙa har ƙarshenta. Sunansu bourdon, sunan wani ƙaton ƙwaro ne dangin ƙudan zuma mai ƙugi in ya tashi. A nan za mu ce burdon. Mafi tsawonsu, mai kaurin murya, shi ne babban burdon, kuma a kansa duk sauran muryoyin suke zama. In ya karkace, ko gwanin gwanaye ne ke busa, kunne ba zai huta ba.

Kowane yanki na Faransa da irin tasa. Veuze ta wajen Nantes da biniou na Bretagne burdon ɗaya gare su, a kan kafaɗa. Bodega ta tsaunukan Montagne Noire fatar akuya ce sukutum, da ƙaton burdon ɗaya. Cabrette ta Auvergne kuwa, da zugazugi ake hura ta, kuma masu busa ta da yawa toshe burdon ɗin suke yi. Bayanin nan ya tsaya ne kan ta tsakiyar ƙasar, ta yankunan Berry da Bourbonnais da Nivernais da Morvan, mai burdon biyu: ƙarami da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da algaitar a mazauni ɗaya, da babba da ke fitowa daga salkar shi kaɗai ya kwanta a kafaɗa ko a kan hannu. Yawancin abin da za a faɗa ya shafi sauran ma.

Girman kayan da muryar da ake nema

Ana kiran waɗannan algaitu da tsawonsu a tsohon awon Faransa, pouce, wanda ya kai santimita 2.7. Wadda aka fi samu ita ce mai pouce 16, muryarta sol, a jerin sunayen muryoyin kiɗa na do, re, mi, fa, sol, la, si. Mai 20 tana kan re, mai 23 tana kan do. Ƙaramin burdon yana oktaf ɗaya ƙasa da uwar muryar algaitar, babban kuma oktaf biyu. Oktaf ɗaya ƙasa yana nufin rabin yawan girgiza. Saboda haka a mai pouce 16, idan an ɗauki la a kan girgiza 440 a daƙiƙa, sol ɗin algaitar 392 ne, ƙaramin burdon 196, babban 98. A mai pouce 20, babban burdon yana sauka har wajen 73.

Babban burdon yawanci gaɓa uku ne na katako, da mahaɗa biyu masu zamewa, wato wuyan wata gaɓa mai naɗin zare yana shiga bakin ta gaba, ana ja ana turawa. Ramin cikinsa miƙaƙƙe ne, ba ya buɗewa kamar na algaita, kuma faɗinsa bai kai santimita ɗaya ba. Ana yin sa da katakon buis, wani ice mai tauri, ko na itatuwan marmari irin su plam, ko baƙin icen eboni, a sa masa zobban ƙaho ko ƙashi, tsofaffin na Bourbonnais har da adon kuza da aka narka aka zuba a cikin zane. A gindinsa, can cikin mazaunin da aka ɗaure a jikin salka, akwai abin da ke ba da muryar: ɗan guntun kara mai harshe ɗaya da aka tsaga daga jikinsa. Faransawa na ce masa anche, mu ce karan murya. Wanda ya taɓa ganin yara da kaka suna tsaga ɗan harshe a jikin karan dawa suna busawa ya riga ya san yadda abin yake aiki. Zaren da ake ɗaurawa a gindin harshen don a rage ko a ƙara tsawonsa, sunansa bride, ma'anarsa linzami, kuma sunan ya dace da aikinsa.

A lissafi, bututun da ke toshe a kai ɗaya, kamar burdon da karan murya ke rufe gindinsa, yana bukatar rubu'in tsawon zangon sauti. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa a ɗaki mai zafin digiri 20. Raba da 98, ka sami mita uku da rabi, rubu'insa santimita 87 da 'yan kai. Burdon na gaske yakan gaza haka, domin karan murya da ɗakunan da ke cikin mahaɗai suna jan muryar ƙasa. Amfanin lissafin shi ne ka san nauyin hannunka: jan mahaɗa da santimita ɗaya yana sauke muryar da kusan sent 20, a awon da ake raba oktaf gida 1200. Wannan ba kaɗan ba ne. Saitin ƙarshe da milimita ake yin sa.

Fara da neman yoyo

Kuskuren da ya fi lalata kayan mutane shi ne su ji burdon yana rawa su zaro karan murya su hau kankara. Sau da yawa karan lafiyarsa ƙalau, iska ce ke zurarewa a wani wuri. Kara kuwa in an kankare shi an kankare ke nan, ba a mayar da abin da reza ta ci. Don haka ka bi tsarin nan, kada ka tsallake.

Cire algaitar da burdon biyun, a hankali, kana murɗawa kana jawowa a miƙe don kada karan ya daki bakin mazauni. Toshe kowane mazauni da toshiyar roba. Hura salkar har ta yi tauri kamar ƙwallo, ka matse ta a hammata na rabin minti zuwa minti ɗaya, sannan ka sake gwada hurawa. Lafiyayyar salka ba za ta karɓi wata iskar kirki ba. In ta karɓa, kai kunne wajen mahuri tukuna, domin ɗan murfin fata ko roba da ke hana iska komawa baki shi ya fi saurin gajiya. Daga nan sai ɗaurin mazaunai, sai ɗinkin salkar. Ɗan ruwan sabulu a kan ɗinki zai nuna kumfa a inda take fita. Salkar fata da ta bushe tana bukatar maganin da maƙerinta ya ba da shawara a zuba mata. Ta yadin Gore-Tex ba a zuba mata komai.

Sai burdon ɗin kansa. Zare karan murya ka ajiye shi a inda ba za a zauna a kansa ba. Haɗa gaɓoɓin uku, ka toshe bakin ƙarshe da tafin yatsa, ka tsotsi iskar ta gindin. In babu yoyo, bututun zai kama harshenka ya riƙe. In bai kama ba, gwada kowace gaɓa ita kaɗai. Gaɓar da ta kasa riƙewa tana da tsaga, sau da yawa siririya kamar gashi, kusa da bakin da wuya ke shiga. In kowacce ta riƙe amma a haɗe ba su riƙe ba, laifin naɗin zare ne.

Naɗin zare

Warware tsohon zaren gaba ɗaya in ya taurare ko yana juyawa a kan katakon. Yi amfani da zaren lilin ko na rama. Shimfiɗar farko a goga mata kakin zuma sosai, ko baƙin kakin dukawa, don ta kama katakon ta zauna daram. Naɗa zare kusa da zare, kada wani ya hau wani, daga wannan kai zuwa wancan, sannan ka dawo. Kana yi kana gwadawa. Idan ka kusa, mirgina wuyan a kan tebur a ƙarƙashin wani lafaffen katako don naɗin ya kwanta daidai, domin naɗi mai tudu a tsakiya yana sa gaɓa ta riƙa lilo ko da ta yi kamar ta matse.

Matsin bai zama ɗaya ba a ko'ina. Wuyan da ke shiga mazaunin salka ya kamata ya matse sosai, yadda ba zai motsa ba in kana murɗa na sama. Mahaɗar da kake saiti da ita ta zama yatsa biyu na iya murɗa ta da hannu ɗaya, amma in ka tsayar da burdon a tsaye ba ta zamewa da kanta. Ɗaya mahaɗar ta ɗan fi ta tauri. In ka yi akasin haka, kana tsakiyar saiti burdon zai fito daga salka gaba ɗaya da karansa. Shafa ɗan kitsen da ake sa wa mahaɗan kayan busa a saman naɗin.

Kada ka cika matsewa. Zaren da ba shi da isasshen kaki yana shan danshin numfashi ya kumbura, kuma kumburin zare ne ke tsaga bakin gaɓa. Wasu maƙeran zamani suna sa ɓawon kwalaba ko zoben roba a madadin zare. Waɗannan kitse kawai suke so.

Sauraron karan murya

Riƙe karan ta wajen zaren gindinsa, kada ka taɓa harshen. Ɗaga shi ga haske ka dube shi ta gefe. Kan harshen ya kamata ya ɗan ɗaga daga jikin karan, abin da bai kai milimita ɗaya ba, ya sauko a hankali har ya haɗe da jiki wajen linzami. Duba ko akwai gashi, ko datti, ko maganin salka da ya manne a ƙarƙashinsa. In akwai, zura 'yar siririyar takarda mai tsabta, ka danne harshen kaɗan, ka jawo ta waje.

Gwada shi ta tsotsa daga buɗaɗɗen kai, ba ta sa shi cikin baki ba, don kada yawu ya jiƙa shi. Ya kamata ya yi kuka nan take da 'yar iska kaɗan. Muryarsa shi kaɗai ta fi ta burdon siranta, wannan ba laifi ba ne, bututun ne zai jawo ta ƙasa. Sannan danne harshen da yatsa ka sake tsotsa. In iska na wucewa, ko dai harshen ba ya rufewa daidai, ko kan da aka toshe da kaki ya buɗe. Na biyun sauƙi gare shi, ɗigon kaki mai zafi ya wadatar.

Mayar da shi gindin burdon, ya zauna da ƙarfi a miƙe. Toshe mazaunin algaita da bakin ƙaramin burdon, ya rage babban shi kaɗai ke kuka. Yanzu ga gwajin da ya fi kowanne muhimmanci. Riƙe matsin da ka saba busa da shi, sannan ka ƙara matsa salkar kamar za ka hau oktaf na biyu, ka sassauta. Algaitar tsakiyar Faransa ta zamani tana hawa kusan oktaf ɗaya da rabi, kuma da ƙarin matsin hannu ake kaiwa muryoyin sama. Ke nan burdon da ke bin matsi sama da ƙasa ba shi da amfani, komai daɗin muryarsa. Abin da ake nema shi ne wanda zai tsaya cak a murya ɗaya, ka matsa ko ka sassauta. Manhajar auna murya ta waya tana taimakawa a nan, domin za ka ga allurar tana motsi.

Abin da za ka ji ɗaya ne daga cikin waɗannan.

Muryar tana hawa in ka matsa. Harshen ya yi tsawo ko ya buɗe da yawa, shi ke jan ragamar maimakon bututun. Tura linzami wajen kan harshen da milimita ɗaya, ya gajarta. Muryar za ta hau, sai ka ja mahaɗa ka dawo da ita. Sake gwadawa. Milimita ɗaya a kowane karo, ba biyu ba.

Muryar tana sauka in ka matsa, ko ta shaƙe. Harshen ya yi gajere. Ja linzami baya, ko ka ɗora ɗan kaki a kan harshen.

Burdon yana ɗaukewa ɗif in ka matsa. Harshen ya kwanta da yawa, iska ta manne shi da jiki. Sa farce ka ɗaga kansa a hankali, ka riƙe shi a ɗage na 'yan daƙiƙu, ka saki. Kada ka ɗaga shi sama da 'yan milimita, in ba haka ba tsagar za ta zarce ƙarƙashin linzami. In ya koma ya kwanta bayan minti biyar, yi dabarar da masu busa suka daɗe suna yi: zura gashin kai guda ɗaya a ƙarƙashin harshen, a gicciye, ka ja shi har kusa da linzami, ka yanke abin da ya fito a gefe. Gashin yana hana shi rufewa gaba ɗaya. Jan linzami baya kaɗan ma yana buɗe shi.

Burdon yana shan iska kamar rariya, muryarsa da gurnani. Harshen ya buɗe fiye da kima. Danne shi da babban yatsa ka mirgina karan tsakanin tafukanka har ya ɗan yi ɗumi, ko ka tura linzami gaba. Babban burdon mai haɗama yana sa mai busa haki, kuma yana danne muryar algaitar. Ya kamata a ji shi a ƙasa kamar shimfiɗa, ba a gaba ba.

Yana tsalle zuwa wata siririyar murya. Bututu mai miƙaƙƙen rami da ke toshe a kai ɗaya, in ya tsallake muryarsa ta asali, ba oktaf yake hawa ba, ninki uku yake hawa. A burdon na sol, daga 98 zai koma wajen 294, wato re. In ka ji haka, harshen ya yi sauƙi ko gajarta ga tsawon bututun. Maganinsa nauyi: ɗan kakin zuma kamar ƙwayar gero, a manna shi a saman kan harshen, a daidaita shi a tsakiya. Nauyin yana rage saurin harshen, ya sauke muryar, ya kuma sa ta zauna. In bai isa ba ƙara wata ƙwayar. In kakin ya yi yawa, burdon zai yi nawar tashi, muryarsa ta dushe.

Reza ita ce ta ƙarshe. Kankara a gindin harshe, kusa da linzami, yana tausasa shi: muryar ta sauka, ya tashi da ƙaramin matsi. Kankara a kan harshe yana rage nauyi, muryar ta hau. Ja uku ko huɗu na reza a tsaye, sannan a gwada. Sabon kara kuwa a ba shi kwanaki yana shan busa kafin a taɓa shi da ƙarfe, domin yakan sauya hali da kansa a makon farko.

Karan zamani da yawa jikinsu na roba ne ko ƙarfe, harshen kuma na kara ko roba ko zaren kabon, linzaminsu zoben roba. Ka'idar linzami da kaki ɗaya ce. Ba sa damuwa da danshi kamar kara, shi ya sa sabon shiga ya fi samun kwanciyar hankali da su, ko da yake masu busa da yawa sun fi son ɗumin muryar kara. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne ɗigon ruwa yakan taru a ƙarƙashin harshen roba ya tsayar da shi, tunda roba ba ta shan ruwa.

Inda mahaɗai ya kamata su tsaya

Bayan karan ya zauna, dubi inda burdon ya ba da sol. In sai ka ja mahaɗai har zare ya kusa fita, karan ya yi siririyar murya: ƙara kaki, ko ka ƙara zare a gindinsa don kada ya nutse can ciki. In ka tura su har ƙarshe kuma muryar tana ƙasa, sai ka yi akasin haka. Wurin da ake so shi ne tsakiya, da sarari ta kowane gefe, kuma aƙalla santimita ɗaya da rabi na naɗin zare yana cikin baki don gaɓar ta sami abin riƙewa.

Tsawo ɗaya ana iya samun sa ta hanyoyi da yawa, a ja ta ƙasa a tura ta sama ko a juya. Ba ɗaya suke ba a kunne, domin kowace mahaɗa in an ja ta tana buɗe ɗan ɗaki mai faɗi a cikin ramin, kuma wurin da ɗakin yake yana sauya launin muryar, wani lokaci har da zamanta. Burdon da ke gurnani yakan lafa in an tura ɗaya an ja ɗaya. In ka sami inda ya fi daɗi, bar ta sama a nan, ka riƙa saiti da wadda hannunka ke kaiwa.

In za ka yanka sabo

Karan da ake amfani da shi shi ne Arundo donax, irin wanda ake nomawa a yankin Var na kudancin Faransa don kayan busa, busasshe sosai, mai launin zinariya. Mafi kyawun ma'auni shi ne tsohon karan da maƙerin ya sa, a auna shi a kwaikwaya. In babu, ga inda za a fara ga mai pouce 16: kauri milimita 7 zuwa 8, tsawo santimita 9 zuwa 10, da gaɓar karan a kai ɗaya.

Share cikinsa da siririn ƙarfe ko naɗaɗɗiyar sanfefa har ɓargon ya fita. Toshe kan gaɓar da kaki. Naɗa zare a buɗaɗɗen kai tun yanzu, don tsagar ta sami inda za ta tsaya. Kamar santimita ɗaya ƙasa da gaɓar, yanka a gicciye da wuƙa mai kaifi har ta huda cikin ramin, faɗin yankan kusan rabin kaurin karan. Karkata bakin wuƙar ka cusa ƙarƙashin yankan, ka ɗaga a hankali. Karan zai tsage da kansa ta gefe biyu yana bin jijiyarsa. Bar tsagar ta yi santimita 5 zuwa 6. In gefe ɗaya ya riga ɗaya gudu, ko harshen ya karkace, jefar ka ɗauki wani. Shi ya sa ake yanka biyar ko shida a zama ɗaya. Kankare ɓawon mai sheƙi daga saman harshen, ka fi ba da ƙarfi a gindi. Ɗaura linzami da zare mai kaki, zagaye huɗu ko biyar, ya kama amma yana iya zamewa in an tura da farce. Daga nan sai ka koma gwajin matsi.

Wanda ba ya son wannan wahala yana iya saye a wajen maƙera. Suna taruwa kowane watan Yuli a Berry, a bikin da aka fara a Saint-Chartier a 1976, wanda ya koma Château d'Ars kusa da La Châtre a 2009. A faɗa wa maƙerin girman kayan da sunan wanda ya ƙera shi, domin karan wani ba lalle ya dace da ramin wani ba.

Saita shi da algaitar

Burdon da algaita ake saita shi, ba da waya ba. Busa na minti biyar zuwa goma tukuna. Kayan na ɗumama, muryar na hawa, kusan sent 3 a kowane digiri, kuma algaitar ta fi burdon saurin hawa saboda ƙaramin karanta yana jin ɗumi da danshi da wuri. Wanda ya yi saiti a sanyi zai sake yi.

Toshe ƙaramin burdon. Busa muryar da hannun sama kaɗai ke iya riƙewa, re ko sol na sama, don ɗaya hannun ya sami damar kai wa mahaɗa. Saurari abin da ke tsakanin muryoyin biyu. In ba su daidaita ba za ka ji wani kaɗawa, wau-wau-wau. Saurinsa shi ke gaya maka nisan da ya rage. Sol ɗin algaitar ninki huɗu ne na burdon, saboda haka in burdon yana kan 97 maimakon 98, ninkinsa 388 zai yi karo da 392, ka ji kaɗawa huɗu a daƙiƙa. Murɗa mahaɗar kana turawa ko ja. In kaɗawar ta ƙara sauri, ka yi baya. In tana raguwa, ci gaba har ta tsaya, muryoyin su narke su zama ɗaya. In ka rasa ta wane gefe kake, ja burdon ya yi ƙasa sosai da gangan, sannan ka taho da shi sama a hankali. Kunne ya fi gane haɗuwar ta wannan hanya.

Abin da ke ɓata wannan aikin shi ne hammata. Da ka miƙa hannu baya, matsin salka yakan sauya ba ka sani ba, algaitar ta sauka, ka saita burdon da muryar ƙarya. Kullum ka dawo da hannun biyu kan algaitar, ka busa sol na ƙasa, ka tabbatar. Sannan buɗe ƙaramin burdon ka saita shi da babban ta hanya ɗaya.

Yanzu hau muryoyin ɗaya bayan ɗaya. Re ya kamata ya kwanta lumui. Si ma haka, amma in ka duba waya za ta ce ya yi ƙasa da kusan sent 14. Kada ka gyara. Si da ya dace da burdon yana kan 490, ninki biyar na 98, na fiyano kuwa yana wajen 494. Maƙerin da gangan ya yi haka. In murya ɗaya ce kaɗai ke faɗa da burdon, laifin raminta ne ko karan algaitar, ba a motsa burdon saboda ita. Waƙoƙin yankin iri biyu ne: na plein jeu masu komawa kan sol, da na entremain masu komawa kan do, inda burdon ke zama murya ta biyar. Saiti ɗaya ke ɗaukar duka biyun, amma mai yawan busa entremain ya saurari do ɗinsa da kyau kafin ya fara.

Tashi da tsayawa ma suna nuna lafiyar karan. Cika salkar ba tare da matsi ba, sannan ka matse ta gaba ɗaya da ƙwari. Burdon ya kamata ya riga algaitar tashi da ɗan kaɗan, kai tsaye kan muryarsa. In ka shigar da matsin a sanyaye, yakan fara da kukan tsalle kafin ya faɗo. Wajen ƙarewa, daina hurawa a jimlar ƙarshe, ka bar salkar ta rage, ka ɗage hannu lokaci ɗaya.

Bayan an gama busa

A kayan da ake hurawa da baki, ruwa yana taruwa a cikin burdon, ya rage faɗin ramin, muryar ta fara ɓarɓarwa. Raba gaɓoɓin, ka zura ɗan tsumma a kan sanda ko igiya, ka bar su su sha iska kafin a rufe akwati. Masu zugazugi, irin wadda maƙeri Joseph Béchonnet na garin Effiat ya shahara da ita a ƙarni na 19, ba su da wannan matsala, amma karansu yana jin bushewar ɗaki.

Sau ɗaya ko biyu a shekara a shafa wa ramin man almon, bayan an cire karan, katakon kuma ya bushe. Siririn shafi, a bar shi ya kwana, a goge. Kada man ya taɓa zare ko harshe. Ɗaki mai na'urar ɗumama a lokacin sanyin Turai yana busar da katako kamar yadda hunturu ke yi: zobba su saki, mahaɗai su yi sako-sako. Ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin gwangwani mai huji, a ajiye a akwatin, yana rage wannan. Kada a bar kayan a cikin mota a rana ko kusa da wuta.

Mahaɗar da ta ƙi motsi bayan doguwar busa, zare ne ya kumbura. Ajiye ta kwana ɗaya ko biyu ta bushe, sannan ka sa safar hannu ta roba ka murɗa, hannayenka biyu dab da mahaɗar. Filaya ba ta da wuri a nan. In karan ya faɗa cikin salka, cire burdon, ka juya salkar bakin mazaunin yana kallon ƙasa, ka girgiza a hankali har ya gangaro. Kada ka matse salkar kana lalube daga waje, harshen ne zai karye. Goge shi da takarda, ka ƙara zagaye biyu na zare a gindinsa kafin ka mayar.